Gardama a Ƙofar Ƙaura

Yayana Dogara ya dawo daga ɗakin gwajin asibitin Katsina.
Ya ce, "Talatu, na leƙa jini sau dubu,
ban ga sa hannun kowa ba."

Na ce, "Tuwon gabanka fa,
ka ga hannun da ya tuƙa?"
Ya ce, "Naki ne, ga ƙunar nan."
Na yi dariya. Ya ci ni.

"Ina amsar addu'ar da kuka yi wa Inna?"
Na buɗe baki, aya ta ƙi zuwa.

Ran Lahadi ya sauke ni a bakin coci,
ya kashe babur.
Bai shiga ba.
Bai kuma tafi ba
sai da muka gama waƙar da Inna ke so.