Rijiyar da Ake Ba wa Ruwa

Ni na haƙa ta farko, ni da Gambo ɗan Soba,
shekarar da aka kawo injin lanƙwasa kwano Cikaji.
Gaba bakwai muka nutsa, ba mu kai ga ido ba,
manaja ya leƙo ya ce, "Ya isa, ku fito,
ba sha za a yi ba, zubawa za a yi."
Muka yi dariya har diga ta faɗi.
Wa ya taɓa jin rijiyar da ake ba wa ruwa?

Sai ga shi ta sha.
Ta sha ruwan wankin ƙarfe mai kumfa kore-kore,
ta sha baƙin mai, ta sha dauɗar fenti
da ruwan batir mai cin tafin hannu.
Da ta fara gyatsa aka haƙa mata ƙanne biyu
bayan ɗakin janareto, aka kifa musu faifan ƙarfe.
Mu kuwa muna ta ƙera ƙofa da taga.
Rabin gidajen Muciya ƙyaurenmu ke tsaronsu,
ɓarawo bai samu ta shiga ba,
ta ƙarƙashin ƙasa muka aika musu da baƙo.

Lantana mai koko ce ta fara magana.
Ta zo bakin get da moɗa a hannu, ko sallama babu:
"Tanimu, ɗanɗana."
Na kurɓa. Kamar na tsotsi ƙusa.
Ta ce gasararta ta sake launi,
farin mayafi in ta wanke sai ya fito da jan baki,
jikanta kuma ƙuraje har tsakanin yatsu.
Na ce mata ƙila gugarta ce ta yi tsatsa.
Shekara tara ke nan,
maganar nan ba ta bar ni na yi barci mai nauyi ba.

Yau Talata aka zo rufewa.
Wata injiniya 'yar Tudun Jukun, sa'ar autata,
da farar hular kwano da kwalabe masu lamba,
ta sa aka zuƙe abin da ya rage.
Tanka uku, wari har bakin titin jirgi.
Aka kankare laka, aka ƙulla ƙasa a leda za a kai awo,
sannan siminti.
Buhu ɗari da tara na ƙirga
kafin ta farkon ta cika, ta yi shiru
irin shirun wanda aka kama da kaya a hannu.

Na ce, "'Yata, wanda ya riga ya tafi fa?"
Ta cire safar hannu,
ta dubi gangaren da ke bi zuwa Kubanni,
inda masu lambu ke ban-ruwan alayyafo.
Ta ce, "Baba, siminti baki yake toshewa,
ba ya kiran abin da ya wuce ya dawo.
Za mu riƙa aunawa duk wata shida."
Duk wata shida.
Ni da nake ƙirga sauran damunata da yatsun hannu ɗaya.

Gambo bai ga yau ba, ƙoda ta ɗauke shi bara.
Ban ce rijiya ce ba.
Ban kuma ce ba ita ba ce.

Kafin simintin ya bushe aka miƙo min guntun rodi
wai in rubuta kwanan wata, tunda ni ne dattijo.
Na rubuta. Hannuna ya so ya ƙara sunana,
sai na tuna ba kabarina ba ne, ba kuma abin alfahari ba.

Da aka tashi na tare mai kura a kwanar gidan biredi,
na sayi jarka biyu ta ruwan burtsatse,
na ajiye a ƙofar Lantana, ƙofar da ni na yi waldarta.
Ta fito, ta dubi jarkokin, ta dube ni.
Ba ta ce an gode ba.
Ta ce, "Gobe fa?"