Danni Bayan Danni

Shekara arba'in da ɗaya ina koyar da fiyano
a ɗakin nan na saman tudu, a Valparaíso,
inda taga ke kallon jiragen dakon kaya.
Abu guda na nanata wa kowane yaro:
da ka buga, ka gama.
Guduma ta taɓa tsirkiya ta koma mazauninta,
sautin ya kama hanyar mutuwa tun ranar haihuwarsa.
Ko ka danne har farcenka ya yi fari,
katako kawai kake wahalarwa.

Bara ruwa ya ci rufin, ya ci fiyanon.
Ƙarti huɗu suka sauke shi ta matakala ɗari da sittin.
Ban leƙa ba.

Sai ga jikana Baltasar, wata Talata da teku ta yi hayaƙi,
da allon maɓallai na roba a hammata,
ba shi da nauyin faranti.
Ya jona waya da kwamfutarsa,
ya buɗe wata manhaja mai kama da hanjin agogo.
Ya ce, Kaka, buga ɗaya, kada ki ɗaga.
Na buga.
Ya ce, to, ƙara masa nauyi.
Na ce, yaro, ai an riga an buga.
Ya ce, ƙara dai.

Na ƙara.
Sautin da na yi wa sallama ya waiwayo,
ya buɗe maƙogwaro, ya yi haske,
muryarsa na rawa kamar ta mai haɗiye kuka.
Na sassauta, ya lafa.
Na koma, ya taso.
Ashe wani siririn zare ne kwance ƙarƙashin maɓallan,
yana auna abin da yatsa ke yi
bayan ya isa ƙasa.

Yatsuna sun karkace, sanyin ƙashi ya ci rabonsa.
Baltasar ya kama wani layi a fuskar kwamfuta
ya lanƙwasa shi kamar ƙugiya,
don ɗan ƙarfin da ya rage mini ya wadatar.
Ya ɗaure dannin da hasken sauti,
ya ɗan ɗiga masa karkarwa, kamar gishiri.

Aibinsa ɗaya: zaren na kowa ne.
In na riƙe uku na matsa wa guda,
duk ukun ke ɗaga murya.
Ya ce akwai mai tsada, wanda ke ba kowane maɓalli nasa kunnen.
Na ce bar mini wannan.
Haka gidanmu yake.

Da dare, bayan ya tafi kama motar ƙarshe,
na zauna da abin a cinya, fitila a kashe.
Na tuna Herminia, ƙanwata,
da kalmar da na jefa mata a bakin tasha
kan gadon wani tsohon kabad.
Sau ɗaya na buga ta, da ƙarfi, na ɗauke hannu.
Shekara goma sha tara ke nan tana amo a Temuco.

Na nemi sautin da ya yi daidai da muryarta,
can ƙasa kaɗan da tsakiya.
Na danna a hankali, na zauna a kai.
Wani jirgi ya yi gunji a tashar ruwa,
shayi ya huce,
yatsan ya fara zogi tun daga gaɓa har gwiwar hannu.
Lambarta na cikin aljihun tebur, ƙarƙashin takardun wuta.
Ban ɗaga ba tukuna.