Kujerar Malam Isaka

Ni ne telan Hajiya Barikisu a Nima,
shekara sha tara ke nan ina auna ta.
Awonta ba ya cikin littafi, yana kaina:
yadi sha biyu in biki ne, goma in zaman gida.
Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ran Talata ta leƙo shago:
"Muniru, ajiye almakashi ka raka ni yankan tikiti.
'Yata ta sauka a Kumasi, an sami namiji,
gwiwata kuwa ta gaji da awa biyar a mota."

Ofis mai sanyi kamar cikin randa.
Yarinyar bayan gilashi ta dubi Hajiya,
ta dubi kwamfuta, ta sake duban Hajiya,
ta sassauta murya kamar mai gaisuwar mutuwa:
"Mama, kujerarmu inci sha bakwai ce.
In hannun kujera ya ƙi sauka, sai a sayi biyu."

Inci sha bakwai!
Ni da inci muke kwana muke tashi,
wannan ai kafaɗar ɗan sakandare ce.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na tuna ni ma ban taɓa yi mata ɗinki
a kuɗin yadi shida ba.
Na haɗiye yawu.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Shekara talatin ina zuba wake da shinkafa a bakin titi.
Siriri ya zo, ƙato ya zo, ludayina ɗaya ne.
A turoturo ma, wannan ya muskuta, wancan ya tsuke,
a yi tsaki, a yi dariya, kowa ya kai gida."
"Mama, ba ni na kafa dokar ba."
"Na sani, 'yata. Wanda ya yanka kujerar nan
bai taɓa cin girkina ba."

Ta kwance bakin zane.
Sidi ya fito yana ƙamshin hayaƙi da yaji,
ta ƙirga, ta lashi yatsa, ta sake ƙirgawa.
"Ta biyun, rubuta Isaka."

Malam Isaka, Allah ya jiƙansa, bana shekara bakwai.
Mai gadi ne a tashar jirgin ruwa ta Tema,
siriri kamar tsinken tsire.
In jirgi ya ratsa saman unguwa
yakan tsaya da buta a hannu har ƙarar ta ɓace,
ya ce, "Wata rana, Bariki."
Kwamfuta ta ƙi sunan wanda ba shi da kati,
aka buga sunan Hajiya sau biyu.
Ta ce ba komai, shi ya san wurinsa.

Sauran labarin daga bakinta na ji.
An kawo mata ƙarin ɗamara, ta karɓa ba kunya.
Ta bar masa gefen taga,
ta ajiye tsohuwar hularsa, ta ɗaure ta da bel.
Da jirgi ya karkata, ga kwanukan Nima sun yi ja da tsatsa,
ta ce, "Duba, ga rufinmu can, har yanzu yana yoyo."
Mai rabon ruwa ta miƙo gora ɗaya da biskit ɗaya.
Hajiya ta ɗaga yatsa biyu.
Ta cinye duka.
"Isaka dama ba mai ci ba ne."

Minti arba'in, in ji ta, ko addu'a ba ta gama ba.
A mota ta dawo. Ta ce sama akwai kyau,
amma an ɗinka ta da ƙarancin yadi.

Jiya ta kawo atamfa, ta dire a kan kekena,
ta tsura min ido.
"To, kai nawa ne naka?"
Na ɗauko tef, na juya shi a hannu,
na mayar da shi wuyana.
Na ce ta dawo ran Juma'a.