Katako na Bakwai

Ƙanƙara ta janye daga Thunder Bay,
ta bar mini dandamalin bayan gida
baƙi ƙirin, yana nishi in an taka.

Na bi shi da tsinin sukudireba ina tsokana.
Shida suka amsa da ƙarfi.
Na bakwai ya haɗiye ƙarfen shiru,
tuɓus, kamar burodin da ya kwana a ruwa.

Toivo ya leƙo ta kan shinge, kofi a hannu:
"Rushe shi duka, Helmi, ki huta."
Na ce gyara kayanka
ai bai zama sauke mu raba ba.

Ƙusoshi suka fito da kuka, jajur da tsatsa.
Da na kifa katakon
sai ga hannun babana da fensir:
ƙafa sha biyu, an soke,
sha ɗaya da rabi, an soke,
can ƙasa kuma, da harshen Finlan,
wani ɗan zagi gajere,
shi da bai taɓa ko tsaki a gabanmu ba.

Na zube a ciyawa ina dariya,
har sartse ya shige tafina ban ji ba.

Sabon katako fari sol, da ƙamshin daji.
Na auna sau biyu, na ja zarto,
ya gaza da faɗin yatsa.

Na lalubo fensir a bayan kunne,
na rubuta nawa a cikinsa,
na kife shi, na buga.

Mai kuma sai gobe,
in sama ta yi haƙuri.