Nasika

A kasuwar Nizwa, bayan la'asar,
Zuwaina ta faɗo rumfar kakanta
da littafin makaranta a hammata.
"An ce mu haddace manasiki:
ɗawafi, tsayuwar Arfa, jifa, aski.
Na haddace tsaf.
Amma ita kalmar, 'yar gidan wa ce?"

Tsoho Halfan bai tanka ba.
Ya laluba gwangwani ya zaro munduwa,
baƙa wuluk, ta sha gumin shekara sittin
a hannun wata mai sayar da dabino.
Ya jefa ta a kasko. "Kama zugazugi."

Gawayi ya yi ja.
Munduwa ta yi taurin kai, can ta saki jiki.
Dauɗa ta taso kamar kumfar miya,
ya yaɗe ta da bakin ƙarfe.
Abin da ya rage ya kwanta lumui,
fari har yana kashe ido.

"Mutanen da, nasika suke kiran wannan,
azurfar da wuta ta yi wa wanka.
Ko riga mutum ya wanke fes,
da wannan baƙin suke faɗa.
Daga bakin maƙera da mawanka
kalmar ta ɗaura harami ta nufi Makka."

Yarinya ta yi shiru tana duban kaskon.
"Kaka, kai ka taɓa zuwa?"

Ya juya tafukansa, duk zanen toka.
"Ina cikin gwangwani tukuna."

Ladan ya ɗaga murya.
Ta zuba masa ruwa daga buta,
ruwan na sauka baƙi a kan dutse.