Harshen Aro

A bayan kasuwar Merkato,
inda ƙamshin gahawa ke riga rana fitowa,
ni ce Yeshihareg mai kitfo.
Shekara goma sha ɗaya ina daddatsa jan naman sa
har ya yi laushi kamar raɗa a kunne,
in kwarara masa man shanu,
in barbaɗa yajin mitmita,
in miƙa shi ɗanye, yadda kakata ta saba a ƙasar Gurage.
Ban taɓa auna gishiri da cokali ba.
Harshena ne mudu.

Sai ga ka, ko ga ki,
baƙon da bai kai babban yatsana ba,
ka shigo ba sallama ka ƙwace mudun.

Ungozoma Tiruwork ta sauke tabarau bisa hanci:
“Ɗanyen nama, ko na taɓawa da baki.
Akwai abin da ido ba ya gani a cikinsa.
Ke za ki kwanta kwana biyu ki miƙe,
na ciki ne zai biya bashin.
Madara, sai ta tafasa ta yi kumfa.
Ƙwai ya dahu har gwaiduwa.
Giyar zuma kuwa, ko a biki, ko ɗigo.”
Na ce, gahawa fa?
Ta dube ni, ta san ƙasar da muke.
“Finjali ɗaya. Biyu, in rana ta yi tsawo.
Ganyen nan mai ɗaci da kuke tsomawa, bar shi a lambu.”

Yanzu in maƙwabta sun taru, an baza ciyawa a ƙasa,
turare ya tashi,
ina shan zagayen farko a hankali kamar mai karanta wasiƙa.
Na biyu ya wuce ni.
Na uku, wanda ake kira baraka,
nakan kife finjali in ce tawa albarkar tana ciki.

A shago na ari harshen Fekadu, yaron wanke-wanke.
Ɗanɗana, yaya?
“Ya yi.”
Kullum ya yi.
Ko takalmi na soya masa da man shanu, ya yi.
Jiya wani direba ya ture kwano,
ya ce hannuna ya canza.
Hannuna yana nan, malam. Bakina ne aka ɗaure.

Da bikin Meskel muka hau mota zuwa ƙauye.
An yanka sa, an shimfiɗa ganyen enset,
gida duka ya zama ƙamshi ɗaya.
Emama Zewditu ta dunƙulo loma, ja jawur,
ta nufo bakina da ita,
don a wurinmu ƙauna da hannu ake ba da ita.
Na kau da kai.
Ta ce, “Ciki tara na yi da wannan naman.”
Ban tanka ba.
Mu shida ne a zaune kewaye da ita,
ita ma ta iya ƙidaya.
Ta daɗe tana kallon lomar.
Can ta tashi da gwiwarta mai ciwo,
ta ɗora kasko a wuta,
ta juya nawa har jan ya tafi ƙurmus,
ta dawo ta sa mini a baki, ba ta ce komai ba.

Ya yi tauri. Gishiri ya yi yawa.
Na cinye.

Da dare, ina jin ka kana bugun bango,
nakan lissafa: saura wata huɗu da ’yan kwanaki.
Kwaɗayi yana zuwa, ya zauna a bakin gado,
ya yi ta surutu har asuba.
Ina barin sa.
Ba tsoron Tiruwork nake ji ba.
So nake wata rana ka zauna a kan bencin nan,
ƙafafunka ba su kai ƙasa ba,
ka ɗanɗana girkina,
ka yamutsa fuska,
ka gaya mini gaskiyar da Fekadu ya kasa.