Gidan da Babu Tubali

Ƙarfe biyar na bar Agege,
sallah a gurguje, shayi a tsaye.
Danfo ya haɗiye ni har da jakata,
ya amayar da ni a Yaba
da takalmi jiƙe da ruwan daren jiya.

Hawa na uku, ɗaki ɗaya, mu bakwai.
Ni ba na zane,
ba na rubuta baƙaƙen da ke sa shafi numfashi.
Aikina tsayuwa tsakanin mai kuɗi da mai hannu,
kamar dillali a kara,
sai dai shi dillali yana da la'ada,
ni kuwa zagin ɓangare biyu nake kaiwa gida.

Madam Oyelaran, mai leshi a Balogun,
tana son shagonta ya shiga cikin waya.
Mun sa hannu: sati shida, shafi goma sha biyu.
Yau wata na huɗu ke nan.
Ran Litinin ta ce shuɗin ya yi sanyi.
Ran Laraba ta ce ashe mijinta ba ya son shuɗi.
Ran Juma'a ɗanta ya bugo daga ƙasar waje,
wai da shi ne, dare ɗaya ya ishe shi.
Na ce, "To, Madam."
Sauran maganar na kora ta da ruwan leda.

Folarin ya ce wannan ɗan gyaran
zai rushe rabin ginin.
Nkiruka ta toshe kunnuwa, ta ba ni ƙeya.
Na rubuta a allo: saura kwana uku.
Na goge. Na sake rubutawa.
Ba wanda ya san ƙaryata kamar allon nan.

Babana magini ne, Allah ya jiƙansa.
Yakan ce wa mai gida, ido cikin ido:
"In ka canza ƙofa bayan an ɗora rufi,
kuɗin ƙofa biyu za ka biya."
Na gaji sana'arsa,
bakinsa ne ban gada ba.

Daren buɗe shago aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari uku ya kwanta.
Muka jona kwamfuta da wayar maigadi,
muna cin tsiren Sabo a kan takardar yarjejeniya,
man ya ɓata daidai inda aka ce sati shida.
Ƙarfe biyu da minti arba'in
Folarin ya danna, ya cire hannu a hankali
kamar mai ajiye jaririn da ya yi barci.

Shafin ya tsaya.
Ba guɗa, ba tafi.
Sauro kawai, da ƙarar ruwa a kan kwano.

Kafin kiran sallah wata mata a Jos
ta sayi yadi biyar, ruwan goro.
Ban san ta ba, ba zan taɓa ganin ta ba,
amma na daɗe ina kallon sunanta
kamar baƙon farko da ya yi sallama a zaure.

Da hantsi Madam ta bugo.
Na gyara zama don karɓar godiya.
Ta ce, "Shuɗin nan na farko fa,
ina ganin ya fi."

Da azahar Folarin ya miƙo min takarda.
Bizarsa ta fito.
Shi kaɗai ya san inda muka binne bututun gidan.

Da dare, a cunkoson Oshodi, na kira Inna.
Ta ce, "Wai har yau ginin nan ba ku gama ba?"
Na ce mun gama, yana cikin waya.
Tata ƙarama ce, mai tocila,
ba ta nuna komai sai lokaci.
Ta yi shiru, ta ce,
"To, Allah ya sa kada ruwa ya ci shi."

Na ce amin,
don na san yadda muka yi harsashin.